Maganin zubawa cikin mai ba ya maido ƙarfen da ya ci

Malam, ka ce Corolla ɗinka ta haura kilomita 300,000, tana hayaƙi shuɗi, ƙarfi ya ragu, kuma wani a kasuwar Katako ta Yamai ya ce ka zuba gwangwanin magani cikin man inji. Gaskiya abin ba ya gyara, kauri kawai yake ƙara wa mai, ya ɗan toshe ratar da ke tsakanin zoben fistan da bangon silinda. Hayaƙi zai ragu, ka ji daɗi, kana yin vidanji, wato canjin man inji, matsalar ta dawo. Ni ma na taɓa asarar jika biyar a kansa, ban kai Dosso ba hayaƙin ya dawo.

Sai dai in datti ne ya maƙale zobban, maganin wanki kan sake su.

Je wurin makanike ya auna ƙarfin matsin iska na kowace silinda. Wadda ta yi ƙasa, a cire buji, a ɗiga mai kamar cokali ɗaya, a sake aunawa. In allurar ma'aunin ta hau, zobba ne, sai an sauke inji. In ba ta motsa ba, a duba supaf (ƙofofin shigar iska da fitar hayaƙi) ko jowan kulas (shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da jikinsa).

Kafin nan sa man inji mai kauri, 20W-50, kuma ka riƙa canja matatar iska, ƙurar Yamai ce ke cinye zobban.