Jirgin cikin gari zai iya tsayawa idan yaro ya shiga gabansa?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. An fitar da taswirar layin jirgin lantarki da zai haɗa unguwannin bayan gari, kuma zai ratsa tsakanin gidanmu da makarantar yarana. Ƙaraminsu shekararsa 7. Maƙwabta suna ce mini in kwantar da hankali, wai jirgin ƙarami ne, a hankali yake tafiya, direba na hango mutum zai taka birki kamar bas. Ni dai hankalina ya ƙi kwanciya. Gaskiyarsu ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Hankalinki bai tashi a banza ba. Layin kansa alheri ne, domin mai zuwa wata unguwa ba sai ya kutsa tsakiyar gari ba. Irinsa aka buɗe a Helsinki ta ƙasar Finland a 2023, mai tsawon kilomita 25. Amma maganar maƙwabtanki ce ta fi damuna, don kusan kullum sai na ji ta, har daga bakin masu ilimi, kuma magana ce da ke kashe mutane.

Jirgin nan ba ya tsayawa kamar bas. Tayar bas roba ce a kan kwalta, tana kama ƙasa. Ƙafar jirgi kuwa ƙarfe ce a kan ƙarfe. Santsin nan ne ya sa yake ɗaukar ɗaruruwan mutane da wuta kaɗan, kuma santsin ne yake hana shi tsayawa nan take. Jirgi mai tsawon mita 30 yana kai tan 40 tun kafin fasinja ko ɗaya ya shiga. Idan mota na gudun kilomita 50 a awa a busasshen titi, direba ya danne birki, za ta tsaya cikin mita 15 ko kusa da haka. Jirgi a wannan gudun, da birkinsa na yau da kullum, sai ya ci kamar mita 80. Ko an ja birkin gaggawa, maganaɗisu ya manne da dogo, an zuba yashi a ƙarƙashin ƙafafun, zai wuce mita 30, fasinjojin da ke tsaye kuma su zube a kan juna. Ki ƙara da cewa a daƙiƙa ɗayar da direba zai gane abin da ya gani, jirgin ya riga ya ci mita 14. In an yi ruwa ko ganye ya zuba a kan dogon, lissafin ya ƙara lalacewa.

Kuma ba shi da sitiyari. Direban bas zai iya kaucewa, direban jirgi ba shi da inda zai kai shi sai gaba. Yana ganin yaron ƙiri-ƙiri, yana danna oda, iyakar abin da ke hannunsa ke nan. Masu cewa “ai zai gan ka” ba su taɓa zama da direban da irin wannan ta faru a kansa ba. A Houston ta Amurka, da aka buɗe layinsu a 2004, an yi ta karo da motoci a shekarar farko, galibi masu mota ne ke karya kwana a gaban jirgin.

Ga abin da ya fi kama yara. Jirgin lantarki ba ya ruri, kafin a ji shi ya iso, balle yaro ya toshe kunne da waƙa. Jikinsa ya fi dogon faɗi: tsakanin ƙarafan mita 1.435 ne a yawancin layuka, shi kuwa yakan kai mita 2.65, don haka wanda ya tsaya dab da dogo yana ganin ya kauce, bai kauce ba. Mafi muni shi ne jirgi na biyu. Yaro ya jira na farko ya wuce, wutsiyarsa na gilmawa ya zura da gudu, alhali wani na tahowa daga ɗaya ɓangaren, na farkon ya hana yaron ganinsa. Ki koya musu su tsaya har sai sun ga layukan biyu fayau. Wayar wutar da ke saman layin kuma galibi volt 750 take ɗauke da shi, ba a zungurarta da sanda.

Hukumomi ma ba na raga musu. Sai a zauna a ofis a ja layi a takarda, a sa mashigai nesa da juna don rage kuɗi, sannan a yi mamakin yadda mutane suka huda shinge. Yaro ba zai yi zagayen rabin kilomita ba yana hango ƙofar makarantarsa. Yanzu da aikin ke kan takarda, gyara ba shi da tsada. Ki haɗa iyayen yara da shugaban makarantar, ku je taron jin ra'ayin jama'a, ku kuma rubuta takarda a buga muku hatimin karɓa. Ku nemi a nuna muku inda mashigar masu ƙafa take a taswira, ko akwai danja da ƙararrawa, da gudun da aka ƙayyade wa jirgin a gaban makarantar. Idan aka ce muku “za a duba”, ku nemi ranar da za a ba ku amsa a rubuce.