Wai da gaske Yahudawa na barin gona ta huta shekara guda?

Tambaya: Salam Malam, barka da aiki. Muna hira a majalisa wani ya ce wai Yahudawa duk bayan shekara shida ba sa noma kuma suna yafe bashi, ni dai na ce da kamar wuya. To me za su ci? Kuma wa zai ba da bashi in ya san yafewa za a yi?
Mai karatu daga Funtuwa

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokin hirar taka bai yi ƙarya ba, shemita suke ce mata, kuma a Attaura take. Shekara shida a yi noma, ta bakwai ba huɗa ba shuka, abin da ya fito da kansa kuwa ba na mai gona ba ne shi kaɗai, talaka ya shiga ya ɗiba, har dabbobi ma su ci. Dokar gonar a ƙasar Isra'ila kawai take aiki. Ta baya ta fara a Satumban 2021 ta ƙare a Satumban 2022, mai zuwa sai 2028. Batun ci kuma, tun wajajen 1888 wasu malamansu suka ba da fatawar a sayar wa wanda ba Bayahude ba gonar na ɗan lokaci a ci gaba da noma, wasu ba su yarda ba har yau, gara su sayi kayan waje ko na manoma Larabawa.

Amma ni tambayarka ta biyu ta fi ɗaukar hankalina, don abin da ka hango ɗin shi ya faru. Da shekarar ta matso sai masu kuɗi su riƙe hannu, talakan da aka yi dokar dominsa ya rasa mai ranta masa ko na iri, wallahi wannan abin tausayi ne. Shi ya sa wani babban malaminsu Hillel, shekara dubu biyu da suka wuce, ya fito da wata takarda mai suna furozbul, mai bin bashi ya danƙa bashin a hannun kotu, to kaga bashin bai faɗi ba kenan, shi kuma mabuƙaci ƙofar rance ba ta rufe masa ba.

Kuma rance a wurinsu ba ƙaramin abu ba ne fa. Wani babban malaminsu Musa bin Maimun, wanda aka haifa a Kurɗuba ta ƙasar Sifen ya rasu a Masar a 1204, ya kasa sadaka hawa takwas, su tsedaka suke cewa, tushenta ɗaya da sadakarmu. Na can ƙasa shi ne mai bayarwa yana ɓata rai. Na ƙololuwa kuwa ka kama hannun mutum tun kafin ya durƙushe, ka ba shi jari ko rance ko ku yi haɗin gwiwa ko ka samo masa aiki, har ya zama bai buƙatar roƙon kowa. Har gobe a unguwanninsu akwai asusun rance marar ruwa da suke kira gemak, wasu ma ba kuɗi suke rantawa ba, kujerun biki ne da rigar amarya da keken guragu, ka ara ka gama ka mayar.