Likitan ma yana ciwon wuya

Tambaya: Malam likita barka da aiki. Mijina likitan tiyatar mafitsara da ƙoda ne, mai aiki da kyamara ta ƴar ƙaramar kafa, kullum sai ya dawo yana kukan wuya da baya, wani lokacin har yatsansa ya sage. To ba an ce wannan tiyatar tafi sauƙi ba? Daga wata mai karatu.

Amsa: Hajiya sauƙin na majinyaci ne, shi likitan yana jin jiki. Ki duba fa, awa uku mutum na tsaye, ido a kan allon talabijin, hannu riƙe da dogayen ƙarafa, ƙafa ɗaya a kan fedal duk nauyi ya koma ɗayar, in kuma cire tsakuwar ƙoda ake da hoton eksire ga rigar dalma mai nauyi a kafaɗa.

Ya sa a ajiye allon daidai gabansa, ɗan ƙasa da ido, kada ya riƙa ɗaga kai ko juya wuya. Teburin a sauke shi tunda iskar da ake hura wa cikin majinyaci tana ɗaga cikin, gwiwar hannu ta tsaya wajen digiri 90 zuwa 120. Rigar dalma ya nemi mai kashi biyu, ta sama da ta ƙasa, ƙugu ya ɗau rabin nauyin. Duk bayan minti 20 zuwa 40 ya ɗan dakata ya miƙe jiki na minti biyu, wannan ne dai likitoci ke raina wa wai ɓata lokaci ne.

Robot, wato na'urar tiyata da likita ke sarrafawa, irin mai suna "da Vinci" wanda Amurka ta amince da shi a 2000, a zaune ake aiki, amma shi ma in ba'a saita kujera ba wuyan ne ke biya. Sagewar yatsa kuwa in ta ƙi tafiya ya je a duba masa jijiya.