Amsa ga Hajiya kan tsiron da ya fito a lambunta

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Hajiya, na saurari tambayarki kan tsire-tsiren da suka fito a lambunki bayan saukar damina alhali ba ki shuka su ba. Tunda kin ce a jere suke a gindin katanga da ƙarƙashin wayar lantarki, galibi aikin tsuntsaye ne, domin inda suke sauka nan suke kasayar da ƙwayar abin da suka ci. Jemagu ma suna yin haka da dare.

Shawarata ita ce kada ki yi gaggawar cirewa, domin ganye biyun farko ba sa nuna asalin tsiro, sai na uku da na huɗu sun fito. A nan Kano wanda ya fi yawa shi ne darbejiya, wadda asalinta daga yankin Indiya ne, kuma za ki gane ta da ƙananan ganye masu baki kamar zarto, jere a kan sanda guda. Gwaiba kuwa ganyenta biyu-biyu ne suna fuskantar juna, kuma idan kin murza za ki ji ƙamshinta. Barkono ma yakan fito, saboda tsuntsu ba ya jin yajinsa.

Wanda nake so ki fi kula da shi shi ne dangin cediya da durumi da ɓaure. Ki tsinke ganye ɗaya, idan farin ruwa mai danƙo ya fito, to wataƙila su ne. Ƙwayarsu ƙanana ce ƙwarai, tana tsira a tsagin bulo ko bakin kwata, kuma saiwarsu tana iya tsaga katanga, don haka wannan kam a cire shi da saiwarsa tun yana ƙarami, ko a mayar da shi fili mai nisa da gini. Ki duba rassan lemonki kuma, domin kauci ma tsuntsaye ne suke manna ƙwayarsa a reshe, yana shan ruwan bishiyar, sai an sare reshen daga ƙasan inda ya kama.

Don Allah kada a ɗanɗana abin da ba a sani ba, kuma a hana yara cin 'ya'yansa, domin abin da tsuntsu ya ci lafiya yana iya cutar da mutum. Wanda ya gagare ki, ki yanko reshe mai ganye da fure, ki kai Sashen Nazarin Tsirrai na Jami'ar Bayero, suna da ma'ajiyar busassun tsirrai da suke gwadawa da ita.