Ba nisan rana ne ke kawo hunturu ba

Malam, ka tambaya wai ko duniya ce ke yin nisa da rana shi ya sa muke shan sanyi da hunturu. Gaskiya ba haka bane, abin ma zai baka mamaki, a farkon Janairu ne duniya ta fi kusa da rana, wajen kilomita miliyan 147, a farkon Yuli kuma ta fi nisa, miliyan 152. To ka ga lokacin da muke jin ɗumi da kara a ƙauyenmu nan wajen Ringim, lokacin ne ma muka fi matsawa kusa da ita.

Abin da ke faruwa, duniya a karkace take, kusan digiri 23 da rabi, a haka take zagaya rana cikin kwana 365 da ƴan awoyi. A Disamba ɓangarenmu na arewa ne ya kauce, rana ta koma kudu haskenta na zuwa mana a kaikaice, ka duba inuwar rumbu da azahar ka ga yadda take miƙewa arewa. Ga kuma iskar Sahara busasshiya, ba laima ba gajimare, zafin da ƙasa ta sha da rana duk sai ya tsere da daddare, ƙura kuma ta tare hasken, shine hazon nan mai fasa leɓe da kawo kaushi.

Ƙarshen Afrilu kuwa rana tsakar ka take tsayawa, shi ya sa bazara ba sauƙi wallahi. A Agusta ma tana dawowa saman kai, damina ce kawai ke rufa mana asiri.