Tambayi Likita: Shin likitan unguwa zai iya duba mai shan ƙwaya?

Wata uwa daga Zariya: Likita, ɗana ɗan acaɓa ne, kullum sai ya sha tiramol. Dangi sun ce mu kai shi gidan mari. Mene ne shawararka?

Hajiya, don Allah kar ki yarda a sa masa mari. A 2019 'yan sanda sun fito da ɗaruruwan mutane daga wani gida a Rigasa, Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa. Duka ba ya cire ƙwaya daga jiki. Ki kawo shi asibitin da kuka saba zuwa. Abin da nake fara tambaya shi ne guda nawa yake sha, da wane lokaci. Tiramol ɗin asibiti yawanci miligiram 50 ne ko 100, kuma ba ma wuce 400 a yini. Na kasuwa har mai 225 akwai, wanda ya haɗiye biyu ya riga ya zarce, shi ya sa wasu ke faɗuwa suna jijjiga kamar masu farfaɗiya. Idan ya yanke lokaci guda zai yi ta zufa da hamma, ga zawo da ciwon gaɓoɓi da rashin barci, yawancinsu a nan suke komawa shan ƙwayar. Mu rage masa muke yi kaɗan-kaɗan, muna ganinsa duk mako, mu kuma duba dalilin da ya fara. Sau tari ciwon baya ne na dogon zama kan babur. In da taɓin hankali ko yunƙurin kashe kai, sai mu tura shi asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna ko na Dawanau a Kano.

Wata matar aure daga Kano: Ina shan kodin a ɓoye. In na faɗa wa likita, zai gaya wa maigidana?

A'a, 'yar'uwa. Sirrin mara lafiya amana ce. Kuma ba ke kaɗai ba ce: binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi a 2018 ya nuna cikin duk masu shaye-shaye huɗu, ɗaya mace ce. In kina da juna biyu, ki faɗa tun ranar farko.

Wani malamin makaranta: Na shekara ina shan baliyam don barci. Zan iya dainawa yau?

Malam, kada ka kuskura. Yanke baliyam ko roci farat ɗaya na iya kawo jijjiga, har ya kai ga rasa rai. Ragewar kan ɗauki makonni ko watanni, a hannun likita.

Wani ɗalibi: Wannan ba aikin likitan ƙwaƙwalwa ba ne kaɗai?

Su nawa ne a ƙasar nan? Faransa tun 1996 ta bar likitocin iyali suna rubuta buprenorphine, maganin da ke rage kwaɗayin ƙwaya, ga masu shan hodar heroin, kuma mace-macen da shan ta fiye da kima ke jawowa suka ragu sosai.