Masu fama da taɓin hankali su haɗa ƙungiya da kansu: a ina aka fara?

Tambaya: Likita, ƙanena ya yi fama da taɓin hankali, ya samu sauƙi, amma 'yan fadarsu sun janye jiki. Shi da wasu uku da suka saba a layin karɓar magani suna so su riƙa zama duk Juma'a. Baba ya ce wannan taro ba zai haifar da ɗa mai ido ba. An taɓa yin haka a wani wuri? Daga wata 'yar'uwa, unguwar Zariya, Maraɗi.

Amsa: 'Yar'uwa, a gaida Baba, a kuma shaida masa cewa an daɗe ana yi.

Cikin shekarun 1940, wasu da aka sallamo daga asibitin masu taɓin hankali na Rockland a Amurka suka koma gida suka tarar ba mai ta tasu, ba aiki, ba abokin hira. Sai suka riƙa haɗuwa a matakalar babban ɗakin karatu na birnin New York, suka raɗa wa taronsu suna mai ma'anar "ba mu kaɗai ba ne". A 1948 suka samu gidan kansu, Fountain House. Har yau wanda ya shiga gidan mamba ake kiransa, kuma da shi ake girki da aikin ofis. Tsarin ya bazu zuwa ƙasashe fiye da 30. Ki duba, abin da ya tara su shi ne ya tara ƙanenki da abokansa.

Tushen ya ma girmi haka. Jean-Baptiste Pussin ya kwanta jinya a asibitin Bicêtre na Faransa, daga baya ya zama mai kula da sashen masu taɓin hankali. Ya riƙa ɗaukar waɗanda suka warke aiki, don ya lura sun fi tausayi, kuma a 1797 ya kwance wa majinyata mari. Mu da har yanzu muke ganin ana ɗaure mutum a turu, wannan labari ya shafe mu. Neman haƙƙi kuwa, tun 1845 tsofaffin majinyata a Ingila suka kafa ƙungiya don yaƙar kulle mutum ba bisa ƙa'ida ba.

A bar su su zauna. Sharaɗina dai kada wani ya sa wani barin magani, ko su riƙa musayar ƙwayoyi. Abin da aka faɗa a zaman ya tsaya a nan. Su riƙe lambar ma'aikacin jinyar da ke duba su, domin ranar da ɗayansu ya daina barci ko ya fara zancen mutuwa, asibiti za a nufa da shi nan take. In Baba bai natsu ba, su fara zaman a zaurensa.